Shekarar da Aka Ce Ladan Na Shan Giya

Tsufa ɓarawo ne, ya kwashe mini abubuwa da dama. Yanzu sai in kira jika da sunan uwarta, ko in tayar da gida da neman carbi alhali yana wuyana. Amma akwai abu guda da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita raina ba, shi ne shekarar da mutanen garinmu suka ce mijina, ladanin masallacinsu, yana shan giya.

Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Korgom, tafiyar yini a amalanke kafin ka kai Tasawa. Malam, haka nake kiran mijina, shi ke kiran salla tun kafin a kawo ni gidansa. Tsakanin gidanmu da masallaci zana ce kawai, idan ya hau matakalar ƙasa da ke jikin bango ina ganin hularsa daga madafa. Allah ya ba shi murya, har Fulanin da ke mashekari bayan gari da ita suke salla. Mutum ne mai sanyi, magana ma sai ya auna ta. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, ba na barin ta kwana. Uwata ta sha faɗi cewa an haɗa wuta da ruwa a ɗaki ɗaya.

Muna da wani sirri, ni da shi, wanda ko uwar tawa ba ta sani ba. A lokacin fari na farko, shekarar da soja suka karɓi mulki, Malam ya hau gawo zai saro wa awaki ganye, reshe ya karye da shi, kansa ya bugu da saiwa. Raunin ya warke, amma ya bar masa farfaɗiya. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan kalma ba. A lokacinmu, idan ta kayar da mutum, gudu ake yi a bar shi, wai miyaunsa ko iskar da ta fita jikinsa idan ta taɓa ka ka ɗauka. Ba a aron tabarmarsa, ba a shan ruwa a modarsa, ƴaƴansa ma sai a riƙa yi musu kallon gefen ido. Saboda haka muka rufe. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin da ya taimake mu wajen rufewar ƙwaya ce. Kowane wata Malam yakan tafi gidan likita a Tasawa, wajen majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya karɓo wata ƴar ƙaramar ƙwaya fara, yana shan guda kullum. Ta riƙe shi ƙwarai. Idan zafi ya tsananta ko barci ya yi masa ƙaranci ya ji jikinsa na yi masa wani iri, majon ya yardar masa ya ƙara rabi na ɗan lokaci. In ya ƙara, ba abin da ke faruwa sai ɗan gyangyaɗi bayan azahar. Ƙari kaɗan, nauyi kaɗan. Shekara da shekaru haka muka san magani, ba mu san da wani hali nasa ba.

Sai ga fari na biyu, wanda ya fi na farko mugunta. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Muka koma jiƙa anza muna zubar da ruwan ɗacinta, muna dafa ganyen jiga. Maza da yawa suka tsallaka Najeriya neman abin da za su aiko. Malam ya ce shi ba zai bar masallaci ba murya ba. In na zuba masa ɗan abin da ya samu, sai ya faki idona ya tura wa yara. Na yi faɗa har na gaji. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

A cikin wannan hali ƙwayarsa ta yanke, ba a Tasawa kaɗai ba, aka ce ko Maraɗi babu. Majo ya ba shi wata iri da ta zo cikin kayan taimako, ya ce uku a yini, kada ya ƙara, kada ya rage. Malam ya dawo ya faɗa mini haka da bakinsa. Ya fara sha, muka ga lafiya, muka gode Allah.

Wata rana da hantsi, ina tankaɗe, na ji faɗuwar abu bayan rumbu. Na tarar da shi a ƙasa, ciwon ya kayar da shi, bayan ya daɗe rabonsa da haka. Yunwa ce da rashin barci. Na kora yara waje, na juya shi a gefe, na tsaya na kare shi da zanena har farfaɗiyar ta sake shi. Da ya farfaɗo ya daɗe yana kallon bangon masallaci, sannan ya ce, “Da a bisa matakala ne fa?” Ni ma abin da ke raina ke nan. Abin da ban sani ba, tun daga ranar ya yanke wa kansa shawara. Ya tuna yadda yake yi da tsohuwar ƙwaya, ya mai da uku huɗu, bai faɗa wa kowa ba. A lissafinsa guda ɗaya ya ƙara a kan uku, mene ne a ciki?

Da abin ya nuna kansa a ranar, da mun gane. Amma shiru, mako ya wuce, wani ya bi bayansa, Malam garau. Sai sannu a hankali na fara ganin abubuwa. Zai kai hannu ga buta, hannun ya wuce ta. Ya tambaye ni ko awaki biyu ne a turke, alhali guda ɗaya ta rage mana. Harshensa ya yi nauyi. Tafiya kuma sai ya buɗe ƙafafu yana tangaɗi, yana dafa zana. Na ɗauka yunwa ce, na sayar da tasar aurena na sayo masa ɗan gero. Bai canza komai ba.

Ranar da abin ya fita waje ita ce ranar rabon hatsi. Babbar motar soja ta kawo jar dawa, aka jera mu a rana, maza gefe, mata gefe. A zamanin nan idan ka ga kaki, ko tari sai ka haɗiye. Da layi ya zo kan Malam ya taho da buhunsa, yana taku kamar mai tsallake kunya a gona, har ya zo ya bangaji wani soja. Na ce a raina yau sai bulala. Sojan ya riƙe shi a kafaɗa, ya leƙa idonsa, ya tambaye shi sunansa. Malam ya amsa, maganar na jan ƙafa. Sai sojan ya tuntsire da dariya, ya ɗaga murya kowa na ji.

“Kai, Malam! Cikin wanga fari ina ka samu? Nuna mini wurin mana, ni ma in jiƙa maƙoshi.”

Mutane suka yi dariya, don a lokacin idan soja ya yi dariya kowa sai ya taya shi. Wallahi da bulalar ya yi masa da ta fi sauƙi. Mu a ƙauyenmu da yawa ba su taɓa ganin wanda ya bugu ba, amma kowa ya yarda soja ya san abin idan ya gan shi. Magana zarar bunu ce, kafin la'asar ta gama gari.

Washegari a bakin rijiya na iske mata na ƙus-ƙus, ina isowa suka yi tsit. Ni kuwa ba a yi mini haka. Na dire tulu na ce duk mai magana ta faɗe ta a gabana. Na tambaye su, a shekarar da ake haƙar gidan tururuwa don ƙwayar hatsi, ina dawar da za a ɓata a dafa giya? Na ga sun fara sunkuyar da kai, na ce na ci su. Sai wata tsohuwa, ba da faɗa ba, ta ce, “To ɗiyata, mi ke kai shi Tasawa kowane wata, ba saye ba sayarwa?” Amsar na kan harshena, amma ba tawa ba ce da zan bayar. Na ɗauki tuluna ba ruwa na koma gida, ina ji a bayana ana cewa ai can Tasawa bayan tasha akwai inda ma'aikata ke sha ta kwalba.

Bayan ƴan kwanaki ya hau kiran la'asar. Ina madafa ina saurare, kalmomin da ya fi sanin su da sunansa suna fita a cakuɗe, kamar mai magana da tuwo a baki. Bai kai ƙarshe ba na ga hular ta ɓace, na ji tim. Na leƙa ta zana, yana ƙasa yana neman tashi, ga maza tsaye da butocinsu, ba wanda ya yi saurin miƙa hannu. Ba farfaɗiya ba ce, ƙafa ce kawai ta ƙi shi. Liman ne ya kama shi ya kawo shi zaure. Dattijo ne mai kirki, tare suka yi karatun allo da wan Malam. Ina bayan ƙofa na ji yana cewa shi bai ji warin komai ba, amma idon jama'a ya gani, kuma ba a kiran mutane zuwa ga Allah da irin wannan murya. Ya ce Malam ya huta, wani zai riƙa kira, in akwai abin da yake son faɗa masa kunnensa a buɗe yake. Malam ya ce babu.

Da magariba wata murya ta tashi daga matakalar nan. Malam yana zaune a bakin gado, na ga hawaye na bin gemunsa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da muka binne ɗanmu na fari. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na ɗaura mayafi na ce yanzun nan zan je in gaya wa Liman komai, ciwo ai ba zunubi ba ne.

“Zamna,” in ji shi. “In kin hwaɗa, ban yahe miki ba.”

“To a bar su suna ce maka mashayi?”

“Mashayi ana gaisawa da shi hannu da hannu.”

Na zauna. Gaba kura, baya sayaki. Na ji haushinsa, na ji haushin gari, na ji haushin kaina da na san gaskiya ya faɗa.

Da lokacin karɓo magani ya yi, ba yadda za a yi ya tafi shi kaɗai. Na roƙi ƙanena amalankensa da ɗan bijiminsa da ya rage ƙashi da fata. Muka shimfiɗa Malam a kai, ni da ƙanena muka bi da ƙafa, in ƙafar amalanke ta nutse a rairayi mu tura. Gefen hanya gawar shanu ce ko'ina, ga mutane da kaya a ka suna yin kudu. Mun shiga Tasawa rana ta yi ja, muka sauka gidan wata ƴar'uwar uwata.

Gidan likita da safe ba masaka tsinke, mata da yara masu ƙyanda har ƙarƙashin itacen bedi. Majon mutum ne baƙi siriri, ɗan wajen Mayahi, ga alama ya kwana biyu bai runtsa ba. Yana hango Malam na tahowa ina riƙe da shi, ya aje abin da ke hannunsa. Ya sa shi ya taka a kan layin siminti, Malam ya kasa. Ya ɗaga yatsa ya ce ya bi shi da ido ba tare da juya kai ba. Ni ma na ga abin da ya gani, ƙwayar idon in ta kai gefe sai ta riƙa fizga tana dawowa. Ya buɗe bakinsa ya duba dasashi. Sannan ya ja kujera ya zauna dab da shi.

“Malam, tsakaninka da Allah, nawa kake sha?”

Malam ya ce da farko huɗu yake sha, amma da ya ga jiri da tangaɗi sun taso ya ɗauka ciwon ne ke neman kayar da shi, sai ya mai da su biyar. Na saki salati. Ashe abin da yake gudu da shi, shi ke bin sa. Na buɗe baki zan fara, majo ya ɗaga mini hannu. Ya ce in bar shi, ba wauta ya yi ba, lissafi ya yi, sai dai lissafin tsohuwar ƙwaya ne.

Na ce ni fa ban gane ba. Ta yaya guda ɗaya a kan uku za ta mai da mutum haka? Kuma in ita ce, me ya sa ba ta nuna ba tun ranar farko?

Ya dube ni, ya ga hannuwana, ya tambaye ni ko ina daka. Na ce tun ban kai tsawon taɓarya ba. Ya ce to, hanta ita ce mai dakan magani a jiki, ita ke sarrafa shi ya fita. Yawancin magunguna, har da tsohuwar ƙwayar Malam, dakansu irin na gidan biki ne. In an kawo hatsi kaɗan mata kaɗan su tashi, in an kawo da yawa mata su ƙaru, turame su ƙaru. Kullum wani kaso na abin da ke ƙasa ake dakewa, in tarin ya yi yawa abin da ke fita ma ya yi yawa. Shi ya sa in ka ƙara rabi, abin da ke zaune a jini ɗan daidai ƙarin yake hawa ya tsaya.

“Wagga sabuwa kuwa,” in ji shi, “mace guda ce da turmi guda. Abin da take iya dakewa a yini, shi ke nan, ko an kawo mata rumbu. Uku ɗin nan da na ce, sun kusa cika mata yini. Ta huɗu ba ta da lokacinta. Sai ta kwana a ƙasa, gobe wata ta hau kanta, jibi wata. Ranar farko ba ki ganin komai. Sai an kwana biyu ki ga tari ya kai rufin ɗaki.”

Wallahi kamar an yaye mini wani abu daga ido. Ni da na sha tsayawa kan turmi ni kaɗai ranar da baƙi suka sauka, na san wannan tarin. Ya ƙara da cewa jikin da yunwa ta cinye ya fi saurin jin ta, ko ukun ma yanzu sun so su yi wa Malam yawa. Na ba shi labarin soja da abin da gari ke faɗi. Bai yi dariya ba. Ya ce sojan bai yi ƙarya da idonsa ba, don wannan ƙwaya in ta taru wurin da giya ke taɓawa a kai shi take taɓawa. Ya ce giyar ma haka take fita daga jiki, awo guda a kan lokacinsa, shi ya sa wanda ya sha da yawa ba ya wartsakewa da wuri ko an sheƙa masa ruwa.

Na ce to ya yi masa allura ta wanke ta mu tafi. Ya ce babu irin wannan allura, ko a Yamai. Abin yi kawai a daina kawo wa turmin hatsi har ya cinye tarin, amma a gabansa, don in an bar jinin ya wofinta ciwon zai dawo da ƙarfi. Ya gargaɗe ni cewa da farko zan ga kamar ba a yi komai ba, kada in tayar masa da hankali. Ashe ya karance ni. Kwanakin farko kullum da safe muka zo, Malam na nan yadda yake, sai na kama mita, ina cewa an hana shi magani kuma an hana shi lafiya. Majo ya ce, “Uwargida, turmi bai san gaggawa ba.” Sai wata safiya na ga Malam ya kai hannu ya ɗauki buta ba kuskure. Daga nan kuma sauƙi ya riƙa zuwa da sauri, har na yi mamaki. Majo ya ce tarin ya sauko inda mai daka ta fi ƙarfinsa ke nan. Ya mai da shi kan awon da bai kai na da ba, ya ce wannan ƙwaya ko ɓantare ba a ƙara mata sai da saninsa. Jikata da ke karatun haɗa magunguna ta ce mini kwanan baya duka hanyoyin biyu suna da suna a littafinsu na Faransanci, har da zane-zane. Na ce ta riƙe sunayen, ni na ga abin da idona.

Muka koma gida Malam na tafe da ƙafarsa a gefen amalanke, tsaye kyam. Ina ta murna a raina, ina cewa yau bakin kowa zai mutu. Ashe ban san mutane ba. Suna ganin ya miƙe sai suka ce alhamdu lillahi, ladan ya tuba. Wai na kai shi wajen wani malami ya yi masa rubutu ya bar sha. Matan da suka yi tsit a rijiya su ne suka zo yi mini barka, har da mai kawo ɗan kuka da daddawa. Lafiyar da na ɗauka za ta wanke shi, ita ta zama shaidar da ta tabbatar musu. Na rasa inda zan sa kaina don takaici.

Liman ya zo zaure da fara'arsa. Ya ce jama'a sun yi shawara, Allah na son masu tuba, wanda ya tuba kamar bai yi ba ne. Abin da ake so kawai, ranar Juma'a bayan la'asar Malam ya tashi ya ce ya nemi gafarar Allah da ta jama'a, ba sai ya ambaci komai ba, da magariba ya hau matakalarsa. Shi ke nan, an rufe.

Da Liman ya fita na shigo na zauna. A nan ne abin ya juye, har yau ina mamaki. Ni da na ɗaura mayafi zan tona, ni ce na ce ya karɓa. Na ce kalma biyu ce, kowa na neman gafara kullum, ga ladancinsa ya dawo, sirrinmu na nan, yara ba abin da zai taɓa su. Ya yi ta jan carbi yana kallon ƙasa.

Ranar Juma'a na manne da zana tun kafin a sallame. Na ji Malam ya yi gyaran murya, ya yi salati, muryar nan tasa ta dawo tas.

“Jama'a, ina neman gafarar Allah, don ba ni rasa zunubi. Amma giya ban taɓa sanin ɗanɗanonta ba. Farfaɗiya gare ni, tun faɗuwar da na yi daga gawo. Maganinta ke kai ni Tasawa. Shi na sha fiye da yadda aka ce, ya yi mini abin da kuka gani. Na ɓoye muku don ina tsoron ku guje ni. Yanzu kun ji.”

Sannan na ji ƙarar tabarmi, mutane na gyara zama. Na san wannan gyaran zaman, matsawa ake yi. Na zauna a ƙasa ina kuka, ban san na baƙin ciki ne ko na alfahari ba.

Ladanci dai an mayar masa, don Liman ya tsaya kai da fata, ya ce murya ba ta ɗauke da cuta. Da magaribar ranar ya hau, kuma bai sauka daga aikin ba sai da tsufa ya sauke shi. Amma ya biya. A garinmu bayan magariba maza kan fito da akusansu ƙofar masallaci a ci tare, ko a shekarar yunwa ba a bari ba. Ranar da ya fita da nasa, kowa ya sami dalilin juya masa kafaɗa. Liman kaɗai ya matso ya sa hannu a akushinsa a gaban kowa, loma biyu ko uku. Daga baya na hango shi ta zana a bayan masallaci yana ta dirzar hannun da toka. Ban riƙe shi a zuciya ba, iyakar ƙarfin halinsa ya yi. Daga ranar Malam bai sake fita da akushi ba. A ɗaki yake ci, ni da shi, har ƙarshen ransa. Mutanen da suka shirya rungumar mashayin da ya tuba, su ne suka kasa cin tuwo da marar lafiyar da bai yi musu ƙarya ba.

Shekaru da yawa bayan haka, ruwa ya dawo, soja sun tafi, muna zaune muna cin tuwonmu mu biyu, ana jiyo hirar maza daga waje. Na ga ya karkata kunne. Na tambaye shi ko ya taɓa yin da-na-sani.

“Ina jin kewar su,” in ji shi. “Amma aikina in hau sau biyar a yini in ce na shaida. Da wane baki zan hwaɗe ta, in da ƙarya na sayi matakalar?”

Allah ya ji ƙan Malam. Abin da na ɗauka daga wannan al'amari ina faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da ni. Magani ba gishirin miya ba ne da za ka ƙara da ido, kowanne da yadda jiki ke fitar da shi, wani in ka ɗora guda a kai ba guda ka ɗora ba. In an ce kada ka ƙara, koma ka tambaya kafin hannunka ya kai. In kuma ka ga mutumin kirki yana tangaɗi a hanya, ka fara kama shi tukuna. Mai yiwuwa abin da yake ɗauke da shi ya fi abin da kake zato nauyi, kuma tsoronka ne ya hana shi faɗa.